Wanzamin da Ya Tafi Neman Wanda Muka Binne

Kawuna Ɗantsoho wanzami ne a Ruma, kuma in mutum mai daɗin zama ake nema, to a wuce ƙofar gidansa a yi gaba. Gajere ne, baƙi wuluk, mai kunne ɗaya da rabi. Ɗaya rabin ya tafi a bakin takobi tun yana saurayi. Ba ya dariya sai in wani ya faɗi. Yayan mahaifiyata ne, kuma da 'ya'yansa maza biyu suka mutu a shekara guda, ɗaya da agana ɗaya da mashi, sai ya zo gidanmu ya ce a ba shi ni. Lokacin na haura ashirin da biyar, ina da mata da ɗa, noma ya ƙi ni, ni ma na ƙi shi.

Mahaifiyata ta ce, "Ɗauke shi, Yaya. Amma ka sani Muntaka ba abin da ya iya sai surutu."

Kawu ya dube ni sama da ƙasa, ya ce surutun yake so.

Wanda bai san Ruma ta wancan zamani ba zai yi zaton wasa yake. Mu ne bakin iyakar ƙasar Katsina. Tun da Fulani suka karɓi birni aka koma bin Sakkwato, tsoffin masu sarauta suka tare a Maraɗi, daji ne kawai tsakaninmu da su. Kusan kowace kaka, da an tara damman gero, mahara za su keto dajin a kan dawaki su kwashi mutane da shanu. Mahayan Ruma su bi sawu, masu baka su bi su a ƙasa, can baya kuma ga wanzami da zabirarsa a kafaɗa, don cire kibiya da zuƙe dafi da ƙaho da ɗaure abin da ya karye.

Saboda haka wanzami ne ke ganin kowa a inda ya faɗi, shi ne kuma ke kawo labari gida. In an dawo, jama'a su taru a gindin kukar da ke ƙofar gari, wanzami ya tsaya ya kira kowa da sunansa: wane ya mutu a wuri kaza, wane an kama shi da rai, wane ban gan shi ba. In ya ce mutum ya mutu, matarsa ta shiga takaba, a raba gado, a yi addu'a. In ya ce an kama shi, dangi su haɗa shanu su ba fatake su bi shi kasuwannin arewa da fansa. Kuma da gaggawa, domin da ayarin Azbinawa ya sayar da gishirinsa ya juya da raƙuma, wanda aka sayar musu ya tafi ke nan. Alƙali ma maganar wanzami yake kamawa ya yanke hukunci.

Aski da ƙaho da kaciya na koye su a shekara guda, da ranƙwashi. Labari ne ya ci mini shekaru. Kawu ya iya labari yadda ban taɓa ji a bakin kowa ba. Mutum zai zauna a gabansa aska na yawo a maƙogwaronsa, ya manta da ita sarai. Ba ya ɗaga murya, ba ya yi wa magana ado, sai dai ya san inda zai yi shiru har ka ji kamar ka girgiza shi. Koyarwarsa kuwa azaba ce. Zai aike ni kasuwa ba don in sayo komai ba, in dawo in tsuguna in faɗi abin da ya faru, shi kuwa yana wasa aska a kan fata.

Zan fara, "Wani Bafillatani ya fusata..."

"Ka shiga cikinshi ka ga hushin?"

"A'a, Kawu."

"To mi ka gani?"

"Ya cire malafa ya ɗaga sanda."

"Hwaɗi hakan. Ina kake tsaye?"

In na yi jinkiri, fatar nan ta sauka a ƙeyata. Wannan tambaya ta inda nake tsaye na sha ta fiye da yadda na sha furar gidansa. Yakan ce wanda ya kasa faɗin inda ya tsaya, to bai je wurin ba. Ba ya ƙin tatsuniya, yana ma yi wa jikokin maƙwabta. Ya ce tatsuniya ƙarya ce mai mutunci, tana sallama kafin ta shigo, tana sallama in za ta fita, ba ta cutar kowa. Gindin kuka ne ba wurinta ba. Ni kuwa a raina ina ganin tsohon nan yana ɓata baiwa ne. Na san bakina ya fi nasa zaƙi, kuma ina ɗokin ranar da zan tsaya a wurin.

Ranar ta zo a shekarata ta shida a hannunsa. Da hantsi mahara suka faɗa wa Yasore, mata na sussuka a bayan gari. Da muka isa hayaƙi na tashi daga rumbuna. Wata tsohuwa tana kife a kan damin gero, an soke ta ta baya, taɓarya na hannunta har lokacin. Wani magidanci yana zaune jingine da danga yana tare hanjinsa da hannu biyu, yana tambayar kowa ko an ga akuyarsa. Kawu ya duba shi sau ɗaya, ya ce a laƙanta masa kalmar shahada, muka wuce.

Cikin masu baka da suka bi sawu da mu akwai Hamidu, manomi a nan Yasore, ɗan Baba Yusha'u, mijin Asta. Abokina ne tun na ƙuruciya, rana ɗaya Kawu ya yi mana kaciya. Mahara sun kore shanun ubansa, shi ya sa ya ɗauki kwari ya shigo cikinmu, amma Hamidu ko kaza ba ya son yankawa.

Maharan sun yi mana kwanto a wata busasshiyar ƙorama cikin dajin, inda gamba ta fi tsayin mutum. Kibiyar farko ta shiga wuyan dokin da ke gaba, ta biyu ta sami Kawu a cinya. Na ja shi bayan wani dutse. Na kama kibiyar zan fizge, ya buge mini hannu.

"Kada ka ja, sakarai, tana da kunne. Tsaga nan da nan."

Na tsaga naman cinyarsa da askarsa, yana kallon hannuna yana gyara mini. Na zare ƙarfen, na kafa ƙaho na zuƙa har baƙin jini ya cika shi sau uku. Leɓensa ya fara rawa, dafin ya riga ya shiga.

Ya ce, "Ni na zama kaya. Tahi gaba ka gani, kai za ka tsaya gindin kuka."

Na rarrafa cikin ƙoramar. Abin da na tarar ba yaƙi ba ne, yanka ne. Dawakinmu sun maƙale a yashi, ana sare mahayan ɗaya bayan ɗaya. Na ga an raba kan wani da gatari har haɓa. Na ga doki yana jan mai shi, ƙafarsa a cikin likkafa, kansa na bugun duwatsu. Tsoro ya kama ni, na cusa jikina ƙarƙashin saiwoyin wata bishiya a gaɓar ƙoramar na lafe.

Daga nan na ga Hamidu, taku biyar tsakaninmu. Kibiyoyinsa sun ƙare. Mutum biyu suka nufo shi, ya yar da bakan, ya durƙusa, ya ɗebi ƙasa yana zubawa a ka yana roƙonsu da Allah da Annabi. Wandonsa ya jiƙe. Ɗaya ya shure shi a baki, suka zura masa igiya a wuya suka ɗaure a sirdi. Da suka ja shi ta gabana, idonsa ya faɗa cikin nawa. Bai yi ihu ba, bai tona ni ba. Ya ɗan gyaɗa mini kai kawai, irin na mutumin da hankalinsa ya kwanta, tun da wanzami ya gan shi da rai za a biyo shi. Mahara suka cinna wa gambar wuta don su tare bayansu, suka yi arewa.

Muka dawo Ruma bayan la'asar da Kawu a kan jaki, bai san inda yake ba. Jama'a sun cika gindin kuka, na Ruma da na Yasore da na Darini. Na tsaya a inda Kawu ke tsayawa, na fara kiran sunaye, kuma wallahi na fara da gaskiya. Da na zo kan Hamidu, sai Baba Yusha'u ya miƙe. Tsohon mayaƙi ne, jikinsa duk tabo, ya daɗe yana jin kunyar sanyin ɗansa. Ya ce da ƙarfi, kowa na ji, "Ɗana ya mutu mutuwar maza, ko ba haka ba, Muntaka?"

Kalma uku ce kawai ke kaina: an kama shi. Amma na san abin da zai biyo baya. Za a ce yaya aka kama shi, in faɗi durƙuson da jiƙaƙƙen wando a gaban ubansa. Za a ce ina kake tsaye, in ce a kwance nake cikin rami, aska a hannuna, mutum biyu kacal ke riƙe da abokina. Tsoro na daji, kunya na gida. Bakina ya riga ni yanke shawara. Na ce Hamidu ya harbe uku, da kwari ya ƙare ya karya bakan a kan na huɗu, ya faɗi yana kabbara. Na yi shiru a inda Kawu ya koya mini yin shiru. Mata suka ɗauki kuka, maza suka sunkuyar da kai, Baba Yusha'u ya zo ya dafa kaina hawaye na bin gemunsa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai har yau.

Washegari muka koma ƙoramar muka kwaso gawa tara da wuta ta cinye, ba a gane kowa. Aka ce in nuna Hamidu. Na nuna wata mai tsayinsa. Aka sallace ta aka binne a Yasore, Asta ta shiga takaba.

Kawu ya yi kwana ashirin zazzaɓi na jijjiga shi. Ranar da ya fara zama a zaure, matan gidan maƙwabta suna daka suna waƙa, kuma waƙar Hamidu ce, wanda ya karya baka a kan na huɗu. Ya saurara har suka kai ƙarshe. Sannan ya ce sumata ta yi yawa, in zauna ya aske ni. Ya jiƙa mini kai, ya ɗaga haɓata, ya ɗora askar a maƙogwarona.

"Ba ni labarin Hamidu."

Na ba shi, kamar yadda na bayar a gindin kuka.

"Ya yi daɗi. Ina kake tsaye?"

Na ce bayan wata bishiya. Ya ce wace iri. Na ce marke. Ya ce daga wane gefe rana take. Na fara kame-kame. Ya danna askar har na ji jini na gangarowa cikin rigata.

"Ni na yi ma yaron nan kaciya, sai da mutum huɗu suka danne shi. Hwaɗi abin da ka gani, ko in raba ka da harshen nan in huta."

Na faɗa masa duka, har gyaɗa kan. Ya ɗauke askar ya goge ta a cinyarsa. 

Ya ce, "Ayari bai juya ba tukuna. Tashi ka tahi Yasore yanzu."

Na ce, "Kawu, kai ka hwaɗa masu, sun hi jin maganarka."

"Ni ban gani ba. Kai ka gani, kai ka kashe shi, kai za ka tashe shi."

Na ce gobe. Gobe ta zo na ce jibi. Wanzami ba ya son jarfa: ni da na tsaga mutane ba adadi ina ce musu su daure, na kasa daure kunyar yini ɗaya. Kwana goma muka yi a haka. Kowace safiya ya tambaye ni, kowace safiya in kawo dalili. Ya daina cin abincin da matata ke aikowa. A nan ina ganin Kawu ma ya yi kuskure, Allah ya gafarta masa. Ya so in miƙe da ƙafata, don ya san in ya ɗauke mini wannan kaya ba zan ƙara zama mutum ba. Yana ta gyaran almajirinsa, kwanakin Hamidu na ƙarewa.

Rana ta goma sha ɗaya ya sa aka ɗora shi a jaki, ya ɗaura igiyar a hannuna, ya ce in ja mu je. Muka tarar da Baba Yusha'u a ƙofar zaurensa da mutane, da Sule ƙanen Hamidu. Aka gaisa, aka yi wa Kawu barka da arziki. Bai ko sauka ba.

Ya ce, "Malam Yusha'u, wanda kuka binne ba ɗanka ba ne. Hamidu ya ajiye baka ya durƙusa, an tahi da shi da igiya a wuya. Ni ban gani ba, ga wanda ya gani. Ku haɗa shanu tun ayari bai juya ba."

Duk ido ya dawo kaina. Na dubi Baba Yusha'u, na dubi sandar da ke hannun Sule. Na sunkuyar da kai na ce da murya mai taushi, "Ku yi haƙuri da shi, Baba. Tun da dahin nan ya shige shi, kanshi bai dawo daidai ba."

Daga bayan zana wata murya ta fito, ta Asta, wadda ke cikin takaba bai kamata a ji ta ba. "Kawu, don Allah, da rai ka ce?"

Baba Yusha'u ya daka mata tsawa ta yi shiru. Kawu ya buɗe baki zai amsa mata, Sule ya sauke masa sanda a fuska. Ya faɗo daga kan jakin. Sule ya bi shi da duka yana cewa yayansa ba matsoraci ba ne, wasu samari biyu suka taya shi da ƙafa. Na ji ƙarar haƙarƙarinsa. Raunin cinyar ya ɓalle, jini ya jiƙa ƙasa. Ina tsaye riƙe da igiyar jaki, kamar yadda na lafe a ramin nan, sai da dattawa suka raba. Kawu ya tofar da haƙora biyu, ya kama ƙafar jakin ya miƙe da kansa. Da na kai hannu zan taimaka, ya kauce.

Labarina ya ka da nasa a gaban jama'a. Shi ya koya mini yadda ake sa mutane su yarda, na juya abin na soke shi da shi.

Kwana uku bayan nan wasu fatake suka bi ta Ruma za su arewa. Kawu ya ɗauki zabirarsa, ya kora karsanarsa guda ɗaya tak da ya mallaka, ya bi su yana ɗingishi, ƙirjinsa ɗaure da tsumma. Bai yi sallama da kowa ba. Mutane suka ce hauka ta tabbata, tsoho ya tafi neman mamaci. Fataken sun dawo bayan wata biyu suka ce sun rabu da shi a wata kasuwa a ƙasar Maraɗi, ba su ƙara ganinsa ba.

Na zama wanzamin Ruma. Na tsaya a gindin kuka bayan hari shida, ban ƙara ƙarya a kan kowa ba, amma wannan ba abin yabo ba ne, ƙarya ɗaya ta ishe ni ciyarwa. Duk taron suna ko na biki sai an ce in ba da labarin Hamidu, in bayar. Ukun da ya harbe suka zama bakwai ba da sanina ba. Asta ta gama takaba, bayan shekara aka ɗaura mata aure da Sule, ta haifa masa uku. Baba Yusha'u ya rasu yana alfahari da ɗansa. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya har sun fara zuwa rijiya.

Shekara tara cif, wata ranar kasuwa da hantsi, wani baƙo ya tsuguna a gabana ya kwance rawani. Ramamme ne, fatarsa ta bushe kamar ƙirgi, ƙafarsa ta hagu ba yatsu biyu. Na jiƙa masa kai na juya fuskarsa, sai na ga tsagar da ke kumatunsa. Hannun Kawu ne, ko a cikin dubu ina gane shi. Askar ta faɗi daga hannuna.

Hamidu ya ce, "Na biyo ta Yasore. Na ga kabarina, an kewaye shi da duwatsu, ya yi kyau."

Ya kama hannuna na dama ya ɗora a kan dutsen da nake wasa aska, ya ɗauki wani dutsen ya daka. Ya daka sau huɗu, yatsa ɗaya ɗaya, ba gaggawa. Na yi ihu har kasuwa ta taru, amma da aka gane ko wane ne, ba wanda ya matso. Wasu ma gudu suka yi suna salati. Bai saki hannun ba, ya zauna a gabana ya ba ni labarin Kawu, a bushe, yadda Kawu ke so.

Ya ce tsohon ya isa kasuwar ba karsana, an ƙwace ta a hanya. Sai ya riƙa bin rumfunan bayi yana yi musu aski kyauta, don ya riƙa ɗaga fuskokinsu yana dubawa. A haka ya sami Hamidu. Amma kwana huɗu ke nan da aka sayar da shi ga wani Buzu, ayari kuma washegari zai tashi. Kwana huɗu. Ni na ci goma ina cewa gobe. Kawu ya ce wa Buzun ya ɗauke shi da zabirarsa a madadin Hamidu, wanzami ya fi manomi amfani a tafiya. Buzun ya dubi gurguwar ƙafar da karyayyen ƙirjin ya yi dariya. Ana cikin haka wani maharin da ya taɓa zuwa ƙasarmu ya gane kunnen nan ɗaya da rabi, ya yi ihu cewa ga wanzamin da ke bin rundunar Ruma, leƙen asiri ya zo. Aka rufe shi da duka, aka ja shi ta ƙafa zuwa wajen mahauta, aka danne shi a kan ƙasar da ake yanka awaki.

Hamidu ya ce, "Ina ɗaure jikin turke, taku goma. Wuƙar ba ta da kaihi, sai da mai yankan ya sake hannu sau biyu. Bai yi ihu ba. Ƙafarshi ce ta daɗe tana shure-shure. Da muka tashi da sahe yana nan, ba a ɗauke shi ba."

Sauran labarin gajere ne. Hamidu ya yi shekarun nan yana kiwon raƙuma da haƙar gishiri, sai da uban gidansa ya zo mutuwa ya 'yanta shi. Alƙali ya kira mu. Na tsaya da hannu a naɗe na faɗi abin da na gani da inda nake kwance, aka tofa mini yawu, na cancanta. Alƙali ya ce tun da a kan labarin ƙarya aka ɗaura auren biyu, Asta matar Hamidu ce har yanzu. Asta tana zaune da goyo a baya, biyu riƙe da zanenta, ba ta ɗago kai ba. Sule yana gefe yana kuka kamar ba shi ya taɓa riƙe sanda ba. Hamidu ya daɗe yana kallon yaran. Sannan ya sake ta da bakinsa a gaban kowa, ya ce ba zai mai da 'ya'yan ƙanensa marayu da iyaye a raye ba. Gonarsa ma an raba ta tuni, bai nemi a dawo da ita ba.

Ya kwana biyu a masallaci, ya ɗaura ɗan ƙunshinsa zai yi Zamfara, inda ba wanda ya san waƙarsa. Na tare shi a ƙofar gari. Ban nemi gafara ba, na san ba ni da fuskar nema. Abu ɗaya na so in ji.

Na ce, "Kawu bai bar mani magana ba? Ko zagi ne, Hamidu, ka ba ni."

Ya gyara ƙunshinsa. Ya ce, "Da ya same ni, abin da na hwara tambaya shi ne, Muntaka bai hwaɗa maku ya gan ni ba? Sai ya ce in sunkuyo ya aske ni. Na sake tambaya, ya ce in daina motsi kada ya yanke ni. Ya aske ni tas, ya ba ni labarin gida, ruwan bana da wanda ya haihu da wanda ya mutu. Sunanka bai hito bakinshi ba ko sau ɗaya."

Ya wuce. Ban sani ba ko rufa mini asiri Kawu ya yi, ko kuwa ya riga ya cire ni daga cikin mutanen da ake ambata. Na juya abin nan shekara da shekaru, wani lokaci in ji sanyi, wani lokaci in ji kamar in mutu. Wanda zai iya faɗa mini an bar shi a ƙasar mahauta, kuma ni na aika shi can. Hannun bai ƙara riƙe aska ba.